Lambu da Daji: Makarantar Farko ta Yaron Karkara

Gabatarwa

Sau da yawa idan ana maganar tarbiyyar 'ya'yan Hausawa, akan tsaya ne a kan tatsuniya da kacici-kacici da wasannin dandali. Amma duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa yaro yana samun rabo mai yawa na iliminsa a wajen gida, wato a lambu da gona da bakin daji. Maƙasudin wannan ɗan nazari shi ne a duba yadda waɗannan wurare suke koya wa yaro aiki da harshe a lokaci guda, sannan a ga abin da ke neman salwanta idan aka raba shi da su.

Shukar Bayan Ɗaki

Karatun yakan fara ne tun yaro bai iya fita ba. Da wuya a shiga gidan ƙauye da damina a rasa 'yar shuka a bayan ɗaki ko a gindin danga: kabewa da duma suna yaɗo, ga rama da yakuwa da kuɓewa, ga zogale a kusurwa. Galibi wannan shuka ta mata ce, daga cikinta ake samun kayan miya. A nan ne uwa takan ce wa ɗanta, "Kore mini akuyar can," ko kuma, "Tsinko mini kuɓewa, amma ban da ƙanana." Da irin wannan aike yaro yake fara bambanta ɗanye da nunanne, da abin da aka shuka da wanda ya fito don kansa.

Lambu

Idan kaka ta wuce, hunturu ya kama, sai magidanta masu fadama su koma noman rani. Akan raba lambu gida-gida, kowane gida ana kiransa fangali. A da, da jigo ake ban ruwa. Jigo doguwar sanda ce da ake ɗorawa a kan gwafa, a ɗaura guga a baki ɗaya, a ɗaura curin laka a ɗaya bakin don nauyinsa ya taimaka wajen ɗago ruwa. Uba yana jan jigo, yaro yana can ciki da 'yar fartanyarsa yana juya ruwa, wato idan fangali ya sha ya toshe bakinsa da laka, ya buɗe na gaba.

Aikin yana da sauƙi a ido, amma darasinsa babba ne. Idan yaro ya shagala da kallon tsuntsu, ruwa ya ɓalle ya kwantar da dashe. Idan ya yi garaje, wani fangalin ya kwana da ƙishirwa. Haka kuma a nan yake ganin cewa albasa sai an yi yayyafin iri, an yi renonsa kamar mako 6, kafin a yi dashe, sannan a jira watanni kafin cira. Garuruwan da suka yi suna da albasa, irin su Aliero a Jihar Kebbi da Galmi a Jamhuriyar Nijar, gadon wannan haƙuri suke ci. Bahaushe dai ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gayauna

Polly Hill, a littafinta Rural Hausa na 1972, wanda ta gina a kan binciken da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi bayanin tsarin gandu, inda 'ya'ya suke noma tare da mahaifinsu, shi kuma ya yanka musu gayauna, wato 'yar gonar da amfaninta nasu ne. Tushen wannan al'ada yana farawa tun ƙuruciya. Uba yakan nuna wa yaro fangali ɗaya ko kunya biyu ya ce, "Wannan naka ne." Abin da ya fito, ko alayyafo ne ko yalo, yaro ya sayar ya ƙulle kuɗinsa, ko ya bai wa uwarsa ajiya har a saya masa kaza. Ta haka ake koya masa mallaka, tare da sanin cewa aikin gida shi ne gaba da nasa.

Fita Daji

Iyalin karkara ba su cika fita don shan iska kawai ba. Kowace fita da dalilinta: kai abinci gona, ko kiwo, ko itace, ko roron gyaɗa bayan an cire. Duk da haka, ga yara wannan shi ne babban nishaɗi. Manyan yara su ne malaman ƙanana. Su suke nuna musu cewa ɗorawa da bazara take nuna, kaɗanya da shigar damina, ɗinya wajen ƙarshenta, magarya da kanya kuwa sai sanyi ya sauka. Su suke nuna musu gawo, wanda yake kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Su ne kuma masu gargaɗi: nonon tumfafiya yana cutar ido, 'ya'yan cin-da-zugu suna sa amai da gudawa, zaƙami yana juya hankali, kuma ba a zura hannu cikin rami ko kogon itace.

Sauye-sauye

Abubuwa da dama sun taɓa wannan makaranta. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani a yankin Kadawa ya koma na manyan magudanan ruwa. Daga shekarun 1980 kuma injin ban ruwa ya riƙa maye gurbin jigo a fadamu. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya ɗauke safiyar yara da yawa zuwa aji. Waɗannan duk ci gaba ne, sai dai kowane da nasa sharaɗi. Maganin feshi guba ne, bai kamata yaro ya taɓa shi ko ya yi wasa da gwangwaninsa ba. Wanka a kududdufi da magudanar ruwa yana jawo tsargiya, wato fitsarin jini. Mafi muni, tun daga shekarun 2010 rashin tsaro ya hana iyalai da yawa a sassan Zamfara da Katsina zuwa gonakin nesa, wasu ma sun yi ƙaura zuwa birane.

Kammalawa

Kalma tana rayuwa ne muddin abin da take nufi yana hannun mutane. Yaron da bai taɓa ganin jigo ba, kalmar ba za ta zauna a bakinsa ba, haka nan fangali da gayauna da roro. Saboda haka akwai aiki a kanmu, mu ɗaliban Hausa. Idan muka koma gida hutu, mu zauna da dattawa da iyaye mata, mu rubuta sunayen tsirrai da kayan aiki kamar yadda ake faɗarsu a karin harshen yankinmu, tare da amfanin kowane. Sannan mu riƙe hannun ƙannenmu mu kai su lambu su gani da idonsu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.