Yadda Ake Zama Wakilin Bakin Fili a Talabijin

Shi wannan aiki na tsayawa a bakin fili ana kawo wa masu kallon talabijin rahoto ba daɗaɗɗe ba ne, domin a shekarar 1974 ne gidan talabijin na ABC a Amurka ya ɗauki samari biyu, Jim Lampley da Don Tollefson, ya tsayar da su a gefen filin wasannin jami'o'i, da nufin su riƙa kawo abin da masu sharhi, waɗanda ke zaune can sama a ɗakinsu, ba su da ikon gani ko ji. Wannan maƙasudi bai sauya ba har yau, kuma wajibi ne mai neman sana'ar, namiji ko mace, ya riƙe shi tun farko: ba a tsayar da kai a ƙasa don ka maimaita abin da kyamara ta riga ta nuna ba.

Matakin farko shi ne neman ilmi. Ka karanci aikin jarida idan da hali, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano ko Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, ka haddace dokokin wasan da za ka bi, sa'an nan ka fara daga ƙananan wasanni na makarantu da unguwanni, ko da da wayar hannu ce, har harshenka ya saba da magana cikin hayaniyar jama'a.

Na biyu, wanda ya fi sauran cin lokaci, shi ne muɗala'a kafin ranar wasa. Ka san sunan kowane ɗan wasa da lambar rigarsa da yadda shi kansa yake furta sunan, ka san wanda ya dawo daga jinya da wanda katin gargaɗi ɗaya ya rage masa a dakatar da shi, ka halarci atisaye, ka gaisa da mataimakan koci da likitan ƙungiya da masu kula da kayan wasa, domin galibi a bakin waɗannan bayin Allah da ba a haska su ake samun labari sahihi. Mafi yawan abin da ka tanada ba za ka faɗe shi ba, kuma wannan ba asara ba ce, tunda ba ka san wanda wasa zai bukata ba.

Idan an take wasa, ka tsaya inda za ka ga bencin 'yan canji ka kuma ji umarnin koci, makirufo a hannu, 'yar na'urar sauraro a kunne, wadda ta cikinta furodusa zai riƙa yi maka magana alhali kai ma kana magana. In ka ga wani abu, ka fara shaida wa furodusa, shi ne zai ba ka dama; in ya ba ka, da wuya ta wuce rabin minti, saboda haka ka fara da jigon labari, ka kuma yi shiru da zarar ƙwallo ta kusanci raga.

Hira da koci a hutun rabin lokaci, ko da ɗan wasa bayan tashi, ita ce wurin da ake gane gwani. Tambaya ɗaya gajera a kan abu ɗaya, sa'an nan ka saurari amsa da gaske, domin tambaya ta biyu daga cikin amsar take fitowa. Marigayi Craig Sager na tashar TNT, wanda ya rasu a 2016, ya yi shekara da shekaru yana fuskantar gajerun amsoshin Gregg Popovich, kocin ƙwallon kwando na San Antonio a lokacin, bai fusata ba, bai kuma daina tambaya ba, har girmamawa ta ƙullu tsakaninsu. Akwai kuma ladabi. A watan Afrilu na 2012, bayan Chelsea ta fitar da Barcelona a Gasar Zakarun Turai, Geoff Shreeves na Sky Sports ya shaida wa ɗan wasan Chelsea Branislav Ivanovic a gaban kyamara cewa katin da ya karɓa ya hana shi buga wasan ƙarshe. Labarin gaskiya ne, amma a ra'ayina mutumin da ke cikin murna ya cancanci a ji tausayinsa wajen isar masa da irin wannan.

Sai batun amana, musamman idan ɗan wasa ya ji rauni. Kamar yadda malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai da isnadi, haka kai ma kada ka furta kome sai abin da idonka ya gani ko wanda jami'in ƙungiya ya tabbatar maka, ka kuma ambaci daga wa ka ji; zato a kan lafiyar mutum haramun ne gare ka, domin iyayensa suna kallo. Ranar 2 ga Janairu, 2023, lokacin da zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya a tsakiyar fili a Cincinnati, Lisa Salters ta ESPN ta tsaya a kan abin da ta shaida, cikin natsuwa, duk da tashin hankalin da ke wurin. Haka nan idan koci ya ƙi yin magana, ka ce ya ƙi, kada ka ƙaga masa zance.

Bayan kowane wasa ka zauna ka kalli hoton aikinka, ka lura da inda ka tsawaita da inda tambayarka ta zama jawabi. Daga ciki ka zaɓi rahoto biyu ko uku da hira guda, ka haɗa su cikin 'yan mintoci, ka kai wa shugaban sashen wasanni na gidan talabijin mafi kusa da kai, ka kuma karɓi duk wasan da aka fara ba ka, kome ƙanƙantarsa.