Mako Guda a Sansanin Hutun Iyali a Amurka: Makwanci, Abinci da Salla

Wannan shawara ta 'yan'uwanmu mazauna Amurka ce, da waɗanda za su kai musu ziyara a lokacin dogon hutun makarantu, daga watan Yuni zuwa Agusta. A wannan tsakani ne Amurkawa da yawa suke kwasar gida sukutum, uba da uwa da yara, wani sa'in har da kakanni, su tafi sansanin hutu a cikin daji su yi mako guda. Ana ba kowane iyali ɗaki, a dafa musu abinci sau uku a rana, a shirya wa yara wasanni. Iyalanmu da dama suna jin labarin su ja da baya, saboda tunanin abin da za a ci, da inda za a kwana, da yadda za a yi da salla. Duka ukun tun daga gida ake warware su. Wanda ya yi shirinsa kafin ya tayar da mota, zai samu abin da ke wuyar samu a zaman Amurka: kwana bakwai da iyali a wuri ɗaya, ba aiki, ba girki, ba wanke-wanke.

Jihar Kalifoniya ta daɗe da wannan al'ada. Birnin San Faransisko yana da nasa sansanin, Camp Mather, tun 1924, a bakin gandun dajin Yosemiti, kusa da madatsar Hetch Hetchy wadda birnin ke shan ruwanta. A da wurin yanka katako ne na masu gina madatsar. Birnin Berkeley ya buɗe nasa, Tuolumne Camp, a 1922. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ita ma tana da Lair of the Golden Bear a Pinecrest tun 1949. Dukansu a kan tsaunukan Siyera Nebada suke, kuma a kansu na gina wannan shawara, ko da yake yawancinta za ta yi amfani a sauran jihohi.

Neman gurbi

Da sanyin safiya ake kama fara. Masu son zuwa Camp Mather sun fi ɗakunansa yawa, shi ya sa ake jefa ƙuri'a tun watanni kafin hutu, kuma mazauna birnin San Faransisko ake fifitawa. Wanda ya bari sai an rufe makarantu sannan ya fara nema, da wuya ya samu. Ku duba shafin sashen shaƙatawa na birninku tun farkon shekara, ku tambaya ko akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, domin sansanoni da dama suna yi.

Kafin ku biya ko sisi, ku buga waya ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Kuɗin ya haɗa da abinci sau uku? Akwai wutar lantarki a ɗaki? Yaya nisan banɗaki daga ɗakin? Akwai firji na ajiye magani ko madarar jariri? Ina ne asibiti mafi kusa? In da tsoho ko mai juna biyu a tafiyar, ku nemi ɗakin da ke kusa da banɗaki da ɗakin cin abinci.

Makwanci

Kada kowa ya sa otal a ransa. Ɗakin katako ne, a wasu wuraren ma rufinsa na tamfol ne, da gadaje da katifu tsirara, da ƙwan lantarki. Zanin gado da filo da bargo da tawul duk ku za ku zo da su. Kada zafin rana ya ruɗe ku wajen haɗa kaya. Camp Mather yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400, kuma a irin wannan wuri rana tana faɗuwa sanyi ke saukowa, asuba kuwa sai ka ce tsakiyar hunturu. Kowane yaro a sa masa rigar sanyi da safa da hula a jakarsa.

Banɗaki da wurin wanka na kowa da kowa ne, na maza daban, na mata daban, kuma sai an taka kafin a isa. Ku tanadi buta, da silifas, da ɗan bokiti na zuba sabulu da soso, da tocila ga kowane mutum, har yara. Uwargida da 'yan mata su riƙe doguwar riga mai sauƙin sawa da hijabi na zuwa wanka. Layin wanka ya fi tsawo da safe da kuma gab da abincin dare. Da tsakar rana, lokacin da jama'a suka tafi iyo, wurin kan zama fayau. Ku zo da igiyar shanya ku ɗaura tsakanin itatuwa, da kujerun naɗewa ko tabarma na zaman ƙofar ɗaki.

Akwai abubuwa biyu da muka saba da su a gida waɗanda dole a ajiye su a nan. Na farko shara. Mace in ta shiga sabon ɗaki, tsintsiya take fara nema. To in kin ga kashin ɓera a kan gado ko a lungu, 'yar'uwa, kada ki share shi a bushe. Ƙurar da zai tayar tana iya ɗauke da ƙwayar cutar hanta-bairos mai kama huhu, wadda a 2012 ta kama mutum 10 cikin masu ziyarar Yosemiti, 3 suka rasu. Ki buɗe ƙofa da tagogi, ki kira ma'aikatan sansanin. In ke za ki gyara, ki sa safar hannu, ki jiƙa wurin sharkaf da ruwan bilic, ki bar shi ya ɗan jima, sannan ki kwashe da takarda ki ɗaure a leda.

Na biyu turaren wuta. A bar kasko da gawayi a gida. Dajin nan a bushe yake ƙayau a lokacin hutu. A watan Agustan 2013 wutar da wani mafarauci ya hura ba bisa ƙa'ida ba ta zama gobarar da ta cinye sama da eka 250,000, ta ƙone sansanin Tuolumne, bai sake buɗewa ba sai 2022. Ba a kunna wuta sai inda hukumar sansanin ta keɓe.

Abinci

A nan ne hankalin yawancinmu ya fi tashi. Ana kaɗa ƙararrawa, jama'a su nufi ɗakin cin abinci. A wasu sansanonin layi ake bi da tire a hannu, a wasu kuma a kawo manyan kwanuka kan dogon tebur kowa ya ɗiba. Lokacin ƙayyadadde ne, wanda ya makara ya tarar an kwashe. Abincin dare da wuri ake cinsa, wajen ƙarfe 6 na yamma, rana na sama. Yaran da suka saba cin tuwo bayan isha'i za su nemi wani abu kafin barci, don haka a tanadar musu.

Karin kumallo yawanci ƙwai ne da fankek da kunun ots da burodi da 'ya'yan itace. Da rana da dare akwai taliya, kaza, shinkafa ko dankali, fiza, da teburin salak. Ga Musulmi, naman alade ne abin lura, kuma ba kullum yake fitowa fili ba. Yana cikin siraran yankan naman da ake soyawa da safe, da sosej, da jajayen yankan da ake jerawa a kan fiza. Ana dafa wake da shi ko da kitsensa, ana barbaɗa gutsattsarinsa a kan salak, wani lokaci kuma a kan farantin ƙarfe ɗaya ake soya shi da ƙwai.

Maganin wannan a takardar rajista yake. Akwai gurbin da ake tambayar abin da mutum ba ya ci. Ku cike shi dalla-dalla. Wanda ba ya cin nama sai yankan Musulmi, hanya mafi sauƙi ita ce ya rubuta iyalinsa cikin marasa cin nama, ya ƙara da cewa suna cin kifi da ƙwai, domin kusan kowane sansani yana dafa wa marasa cin nama nasu dabam. A ranar farko maigida ya je da kansa ya gaisa da shugaban masu girki, ya yi masa bayani cikin mutunci, ya roƙi a soya wa iyalinsa ƙwai a kasko mai tsabta. Masu girkin nan sun saba da irin wannan buƙata, kuma wanda suka san fuskarsa ba sa mantawa da shi.

Da dare akan taru a bakin wuta, yara su soke wata farar alewa mai laushi, mashmalo, a tsinke, su gasa, su matse ta tsakanin biskit biyu da cakulan. Yawancin wadda ake sayarwa a Amurka da jelatin na alade ake yin ta. Yaro ɗan shekara 6 yana tsaye, sa'o'insa na lasar yatsu, shi an ce masa kada ya taɓa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyarsa. Ku sayi ta halal a shagon Musulmi ku zo da ita, da yawa, har ya samu ta ba abokansa.

Guzurin gida yana gyara tafiya. Abincin sansani ba shi da yaji, ɗan kwalbar yaji kan tebur zai sa maigida ya ci ya ƙoshi. Ku haɗa da garin kunu, dabino, garin kwaki, ganyen shayi da fulas. Sai dai a kula: yajin tsire da ƙuli-ƙuli gyaɗa ce, kuma akwai yaran Amurka da ɗan kaɗan ɗinta zai iya toshe musu numfashi. Mu mun tashi da cewa ba a ci a hana yaron maƙwabci, amma a nan kada a ba ɗan kowa komai sai an tambayi iyayensa. Masu zuwa ziyara daga gida kuma kada su wahalar da kansu da kilishi ko dambun nama, jami'an kwastam na Amurka ba sa barin nama ya shiga.

Duk abin ci, da duk abin da ke da ƙamshi kamar man goge baki da man shafawa, a rufe shi a mazubi mai tauri, a ajiye inda dokar sansanin ta ce. Ɓeraye da kurege suna huda leda, kuma a wannan yanki akwai dabbar beyar wadda ke iya fasa mota saboda ƙamshin abinci.

Salla

Sau da yawa waya ba ta da sabis a can, saboda haka ku rubuto jadawalin lokutan salla na yankin tun daga gida. Yini yana da tsawo: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8, alfijir kuma wajen ƙarfe 4 yake ketowa. Alƙibla a Kalifoniya ba gabas take ba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, don haka ku riƙe kamfas. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 ko fiye a wuri cika salla yake yi, mai mako guda ke nan ba ya ƙasaru bayan ya sauka. Juma'a za ta same ku nesa da masallaci, sai ku tambayi malaminku kafin tafiya. Ku cika buta tun dare, ku ajiye ruwan zafi a fulas na alwalar asuba, kuma ku sassauta murya, domin bangon katako ba ya riƙe sauti.

Yadda yini ke tafiya

Bayan karin kumallo ana raba yara rukuni-rukuni bisa shekaru, su tafi zane-zane, ko wasan ƙwallo, ko yawon daji tare da ma'aikata. Manya su yi iyo, ko hawan dutse, ko karatu a inuwa. Da yamma akwai wasanni na kowa da kowa da dandalin nuna basira. Ba dole ba ne a shiga komai. Wasu iyalai suna shan giya a ƙofar ɗakinsu da maraice. In an miƙo muku, "na gode, ba na sha" ta wadatar.

A bakin ruwa ido ba ya barin yaro, ko da masu ceto suna wurin. Wanda bai iya iyo ba a sa masa rigar hana nitsewa. 'Yan mata su zo da kayan iyo masu rufe jiki tun daga gida. A shafa wa kowa man kare fata daga rana da maganin sauro, a yawaita shan ruwa, kuma kullum da dare a duba jikin yara saboda kaska, musamman bayan kunne da hammata da cikin gashi. A gargaɗe su da wani tsiro mai ganye uku-uku a haɗe da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje.

Sai magana ta ƙarshe, kuma da maigida nake. Uwargidan da ke zaune a Amurka ita ce mai girki, ita ce mai wanki, ita ce mai kai yara makaranta, ba ƙanwa kusa, ba 'yar aiki, ba maƙwabciyar da za ta riƙe mata goyo. Wannan mako an sauke mata tukunya, kada ka ɗora mata wani nauyin. Kai za ka raka yara banɗaki da dare, kai za ka zauna da su a bakin ruwa, ita ta samu barcin rana. Ku zauna tebur ɗaya da wasu iyalai, ku gaisa, ku bar yara su yi abokai. Ranar tafiya ku gyara ɗakin tsaf, ku yi wa masu girki da masu kula da yara godiya ɗaya bayan ɗaya, sannan ku tambayi ranar da za a buɗe rajistar baɗi ku rubuta ta. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.