CUTAR RUBELA: ALAMOMINTA, YAƊUWARTA DA HANYAR KAUCE MATA

Gabatarwa

A darasin fassara na zangon karatun da ya wuce, malaminmu ya ba mu wata takardar wayar da kai a kan kiwon lafiya, ya ce mu mayar da ita Hausa. Aiki yana tafiya daidai har muka iso kan kalmar rubela. Wasu suka rubuta ƙyanda, wasu baƙon dauro, wani ma ya ce ƙarambau. Malam ya ce duk ba mu dace ba, domin ƙyanda da baƙon dauro sunayen cuta ɗaya ne, ƙarambau kuwa wata cuta ce daban. Ni 'yar Angas ce daga Pankshin, a nan Jos na koyi Hausa. Don haka na kira mahaifiyata na kwatanta mata cutar da harshenmu na gida, ita ma sunan ƙyanda ta ba ni.

Wannan rashin suna ba ƙaramar matsala ba ce, domin na ga abin da ya jawo a gidanmu. Shi ya sa wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana cutar rubela, da abin da ya raba ta da ƙyanda, da kuma dalilin da ya sa ta shafe mu ɗalibai.

Mece ce Rubela?

Rubela cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa, kuma ƙwayarta daban take da ta ƙyanda. Likitocin Jamus ne suka fara bayaninta a ƙarni na 18, shi ya sa Turawa kan kira ta ƙyandar Jamus. Sunan rubela kuwa daga Latin ya fito, ma'anarsa 'yar ja, saboda launin ƙurajenta. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wanda ya yi ƙyanda a yarinta, ko aka yi masa allurar ƙyanda zalla, bai tsira daga rubela ba.

Alamominta

Bayan mutum ya kamu, akan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin alamu su fito. Daga cikinsu akwai:

1. Zazzaɓi marar zafi, da 'yar mura da jan ido.
2. Kaluluwa a bayan kunne da ƙeya.
3. Ƙananan ƙuraje masu ja-ja da ke farawa daga fuska su gangaro jiki, su ɓace cikin kamar kwana uku.
4. Ciwon gaɓoɓi, musamman ga manyan mata.

Ƙyanda kan kwantar da yaro da zazzaɓi mai zafi da tari, har takan yi kisa. Rubela kuwa yaro kan yi ta yana wasansa. Kai, kusan rabin masu kamuwa da ita ma ba sa nuna wata alama. Saboda haka gwaji a asibiti ne kawai ke tabbatar da ita.

Yadda Take Yaɗuwa

Tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Mai ɗauke da ita kan shafa wa wasu tun mako guda kafin ƙuraje su fito, har zuwa mako guda bayan fitowarsu. Ke nan ajin firamare, da ɗakin kwanan ɗalibai, da keken Napep da aka rufe labulensa saboda sanyin Jos, duk wurare ne da take samun hanya. Hanya mafi muni ita ce daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta.

Inda Haɗarin Yake

Matar wana malamar firamare ce a Bukuru. Tana da ciki wata biyu wasu yaran ajinta suka yi ƙuraje, ba a jima ba ita ma ta yi. Kwana uku suka washe. Dukanmu muka ce ai ta yi ƙyanda tun tana ƙarama, wannan ƙurajen zafi ne kawai, ko a wurin awo ba ta ambata ba. Da ta haihu, sai muka ga wani fari a ƙwayar idon jaririyar. Daga baya muka lura ko an buga ƙofa ba ta firgita. Da aka kai ta asibiti, tambayar da likita ya yi wa uwar ita ce ko ta yi ƙuraje a farkon ciki. An yi wa yarinyar aikin ido, amma kunne bai dawo ba. Yanzu duk gidanmu muna koyon maganar hannu.

Idan mace ta kamu da rubela a watanni ukun farko na ciki, har tara cikin goma na irin waɗannan jarirai kan iya samun illa. Ko ciki ya ɓare, ko a haifi yaro da kurumta, ko yanar ido, ko ciwon zuciya, ko naƙasar ƙwaƙwalwa. Irin wannan jariri kuma kan iya yaɗa ƙwayar har shekara guda ko fiye.

Wanda ya fara gano haka shi ne Norman Gregg, wani likitan ido a birnin Sidni na Ostireliya. A 1941 ya ba da rahoton jarirai 78 masu yanar ido, ya nuna cewa iyaye mata 68 daga ciki sun yi rubela suna da ciki. Annobar da aka yi a Amurka a 1964 zuwa 1965 ta ƙara tabbatar da maganarsa, inda mutum miliyan 12.5 suka kamu, aka haifi jarirai kimanin 20,000 da naƙasa.

Magani da Rigakafi

Babu maganin da ke kashe ƙwayar rubela, kuma maganin antibayotik ba ya mata komai. Abin da ake yi shi ne hutawa, da shan ruwa sosai, da farasitamol don zazzaɓi. Sai kuma a nisanta mai ƙuraje daga masu juna biyu har mako guda ya cika. Mai cikin da ta ga ƙuraje, ko ta zauna da mai su, ta gaya wa ma'aikatan awo ko da sun warke.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. An fara allurar rubela a Amurka a 1969, kuma allura ɗaya kan kare fiye da mutum 95 cikin 100. Da ita ne ƙasashen nahiyar Amurka suka kawar da cutar, aka tabbatar da haka a 2015. A Nijeriya kuwa, sai a watan Oktoba na 2025 Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta fara gangamin allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela, ga yara daga wata tara zuwa shekara 14. An fara da jihohin Arewa, har da Filato.

To, mu fa? Mu da muka haura shekara ashirin ba mu shiga wannan gangami ba, kuma allurar da aka yi mana a asibitocin gwamnati muna jarirai ta ƙyanda ce zalla. Wasunmu sun yi cutar a yarinta sun sami kariya, wasu kuwa ba su yi ba, alhali mu ne ke gab da aure da haihuwa. Shawarata ga 'yan'uwana mata ita ce, kamar yadda ake gwajin sikila kafin aure, a tambayi likita batun gwajin rubela da allurarta. Ba a yi wa mai ciki wannan allura, kuma wadda aka yi wa ta dakata wata guda kafin ta ɗauki ciki. Maza ma ba a bar su a baya ba, domin miji ko ƙane na iya kawo cutar gida.

Kammalawa

A jikin yaro rubela ba ta wuce kwana uku, amma a jikin ɗan tayi takan zauna har ƙarshen rai. Aikin likitoci ne su yi allura, amma raɗa wa cuta suna aikinmu ne mu ɗaliban harshe. A takardar fassarata na rubuta rubela, na bi ta da bayani cewa ba ƙyanda ba ce. Na guji ƙyandar Jamus, don gudun kada uwa ta ji ta ce ai ta riga ta yi ƙyanda, kamar yadda muka ce a gidanmu. Duk wanda ya san wani suna da ake kiran wannan cuta da shi a karin harshen garinsu, ya taimaka ya kawo mana a fitowa ta gaba.