Yadda Ake Kula da Motar Tafi-da-Gidanka Mai Shan Dizal

Motar tafi-da-gidanka, wadda aka gina wa gado da kicin da banɗaki a baya, ta fi yawa a Turai da Amurka, inda iyali kan ɗauke ta su tafi hutu da bazara, su dawo su kulle ta har baɗi. Wannan ajiyar ita ce tushen yawancin ciwonta. An ƙera injin dizal ne don ya ɗau zafi ya wuni yana jan kaya. Idan ya shafe watanni ba a tayar da shi ba, sai batir ya sauka, ruwa ya taru a tanki, birki ya kama, taya ta tsufa alhali zanenta sabo fil. Saboda haka kada ƙarancin kilomita a kan mita ya ruɗe ka. Da kalanda ake lissafin sabis ɗin wannan mota.

Fara da sanin wace iri ce a hannunka. A Turai yawancinsu an gina su ne a kan Fiat Ducato, wadda masana'anta ɗaya ke ƙera ta tare da Peugeot Boxer da Citroën Jumper a Atessa ta ƙasar Italiya. Sai Mercedes Sprinter da Ford Transit. Injinan nan su ne dai a cikin bas-bas ɗin Kwatano da ake gani a titunanmu, don haka bakaniken da ya san Sprinter ya riga ya san rabin aikin. A Amurka kuwa manyansu sun kai girman doguwar bas, inji a baya, galibi Cummins, da giyar Allison da birkin iska. Nemi littattafai biyu: na kamfanin da ya ƙera inji da ƙafafu, da na wanda ya gina ɗakin. Duk inda adadin da na bayar ya saɓa da na littafin motarka, bi littafin.

Kafin ka murza makulli

Zagaya motar, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. Ɗigon baƙi baƙin mai ne. Mai launi, ja-ja ko kore ko ruwan lemo, yawanci ruwan lagireto ne. Mai wari kuma dizal. Buɗe bonet ka nemi aikin ɓera, domin motar da ke ajiye masauki ce gare shi, yana cin rigar waya, yana tara shara a gidan filtar iska. Zaro sandar gwada mai. Idan man ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, kada ka tayar. Idan kuma ya haura alamar sama ba tare da ka ƙara ba, dizal ne ke gangarawa cikinsa, sai a yi juye a kuma binciki dalili. Baƙin mai da filtarsa ana canza su a kalla sau ɗaya a shekara, ko da motar ba ta je ko'ina ba.

Sai batir. Motar tana da kashi biyu: na tayar da inji, da na ɗaki wanda ke ba fitilu da famfon ruwa da firij wuta. Mutane da yawa kan ga fitilun ɗaki suna ci su ɗauka komai lafiya, alhali na injin ya mutu. Sa mita a kan kowanne bayan ya huta wasu awanni. Batir na gargajiya mai ruwan asid idan ya cika yana nuna volt 12.6 zuwa 12.7, a 12.2 ya kai kusan rabi. Ƙasa da 12 ya sauka sosai, kuma barinsa haka na makonni yana lalata farantan cikinsa har abada. Yayin da ake kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Da inji ya tashi ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, sai dai sababbin motoci masu altaneta da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda cajinsu ke hawa da sauka da gangan. Kwance kawunan batir ka goge farar tsatsar, kuma kada ka manta da wayar da ke haɗa inji da jikin mota. Wannan waya ɗaya ta sa an sayi kik sabo ba gaira ba dalili sau ba adadi.

Idan ta ƙi tashi

Kasa kunne tukuna. In ka murza ka ji ƙas-ƙas kawai, ko inji yana juyawa da nauyi, matsalar wuta ce: batir, kawunansa, fis, ko kik. In kuwa yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, koma kan abubuwa ukun da injin dizal ke buƙata: mai, iska, da zafin matsi. Ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da dizal zai kama da kansa. Shi ya sa a lokacin sanyi ake jiran fitilar hita ta mutu kafin a yi kik. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 15. Ba shi hutun minti biyu kafin ka sake.

Mafi yawan lokaci laifin yana wajen mai, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokacinka. Tankin da aka bari rabi yana shaƙar iska mai laima, dare ya yi sanyi laimar ta zama ruwa, ruwan ya kwanta a ƙasa tunda ya fi dizal nauyi. A inda ruwan ya haɗu da man, ƙwayoyin halitta ke hayayyafa su bar wani baƙin kauci mai yauƙi wanda ke toshe filta. Dizal ɗin Turai yana ɗauke da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, abin da ke ƙara masa jan ruwa. Ga abin yi: sa kwalba mai haske a ƙarƙashin filtar mai, sassauta ɗan famfon da ke gindinta, ka bar abin da ke ciki ya zubo har sai tsantsar dizal ya fara fitowa. Ajiye kwalbar ta natsa. In ka ga ruwa a ƙasa ko baƙin datti, canza filtar. In ya yi yawa, sai an wanke tanki, domin sabuwar filtar ma ba za ta daɗe ba. Motar da ke tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya amma ta rasa ƙarfi a hawa, filtar mai ce abin zargi na farko. Riƙa tafiya da guda ɗaya a ajiye, da sifanar da ke kwance ta.

Bayan canza filta, ko bayan mai ya ƙare a hanya, mota ta sha iska ke nan, dole a yi bilidin, wato a fitar da iskar. A yawancin sababbi akwai famfon lantarki: kunna makulli ba tare da kik ba, ka saurari kukansa na kamar daƙiƙa 30, ka kashe, ka maimaita sau biyar ko shida. Tsofaffi suna da famfon hannu a kan filta; sassauta ƙusar iska, ka yi ta dannawa har kumfa ta daina fita, sannan ka ɗaure. Dabarar nan ta sassauta bututun nozul don fitar da iska ta tsofaffin injuna ce. A injin zamani matsin mai yana kaiwa bar 1,600 zuwa 2,000, ɗigon da ya tsarto yana huda fata ya shiga nama, har ya kai ga yanke yatsa. Haka nan kada ka yarda a kara tsumman fetur a bakin iska ko a fesa maganin tayar da inji. Ya haɗu da hita mai zafi, yana iya fashewa. Wani abin kuma, dizal ɗin da aka sha da bazara a ƙasashen sanyi yakan daskare ya yi kakin da ke toshe filta idan hunturu ya shigo, domin gidajen mai suna sauya irin man da suke sayarwa gwargwadon yanayi.

Ƙaramar na'urar sikanin da ake cusawa ƙarƙashin sitiyari tana da araha, kuma tana rage lalube. P0087 na nufin matsin mai ya yi ƙasa, P0299 turbo ba ya hura iska yadda ya kamata, P0401 bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji ba ya wuce da isasshe. Amma lambar tana faɗin inda ake jin ciwo ne kawai. P0299 sau da yawa tiyon iska ne ya tsage ko ɗaurinsa ya saki, turbo ɗin kalau yake.

Da ta tashi

Koma baya ka dubi salansa. Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa: filtar iska ta toshe, tiyo ya fashe, ko nozul na zuba. Shuɗi, baƙin mai ake ƙonawa, daga ringi ko turbo. Fari mai yaji a ido da safe dizal ne da bai ƙone ba, duba hita. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, gasket ake zargi, kashe inji kawai.

Motocin da aka ƙera daga wajajen 2010 zuwa yau suna da matatar toka a salansa, wadda ke ƙone abin da ta tara idan zafi ya kai kimanin digiri 600. Wannan zafin ba ya samuwa a silo. Mai tayar da mota duk mako ya bar ta tana silo na minti goma a ƙofar gida, yana ganin gata yake mata, toka yake cusa mata, ga laima da yake tarawa a cikin mai da salansa. Ko dai ka fita da ita babbar hanya ka yi rabin awa kana gudu sosai sau ɗaya a wata, ko ka bar ta a kashe. Na baya-bayan nan kuma suna shan AdBlue, ruwa mai sinadarin yuriya kashi 32.5 cikin 100, wanda ke daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, yana kuma lalacewa in ya daɗe cikin zafi. Ya ƙare, kwamfuta za ta rage wa motar ƙarfi ko ta hana ta tashi. Ya shiga tankin dizal bisa kuskure, kada ka ko kunna makulli. Wanda ya shigo da irin wannan mota Najeriya ko Nijar ya sani an tsara matatar ne don man da sulfa ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kamar yadda Tarayyar Turai ta wajabta tun 2009. Mai mai datti zai gajarta mata kwana, ƙurar hunturu kuma za ta sa ya canza filtar iska tun kafin lokacin da littafi ya ce.

Zafin inji yana bayyana ne a hawa, da cikakken kaya. Sauko da giya don fanka da famfon ruwa su yi sauri, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. A masu inji a baya, tururin mai da ƙurar da tayoyi ke tayarwa kan manne a jikin lagireto ta ciki inda ido ba ya gani. Haska tocila, ka wanke da sabulun cire maiƙo da ruwa mara ƙarfi. Bayan doguwar tafiya, bar inji ya yi silo minti biyu ko uku kafin ka kashe, turbo ya huce. In Ducato mai lita 2.3 ce, tana da bel ɗin taimin wanda ake canzawa duk shekara huɗu zuwa biyar komai ƙarancin tafiya. Mai lita 3.0 sarƙa gare ta. Bel ɗin ya tsinke, fistin ya daki bawul, kuɗin gyara ya ninka na bel sau da yawa.

Taya, birki da nauyi

A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Daga shekara biyar ka riƙa duba tsagewa a gefe da cikin zane, har da tayar ciki in baya biyu-biyu ne. Masu ƙera taya irin Michelin ba su yarda a wuce shekara goma ba. A ganina, motar da ke tsaye a rana da cikakken nauyi ba ta cancanci a jira goman ba. Gwada iska da safe kafin tafiya. Kai motar sikeli da kayanta da mutanenta, gaba daban baya daban, domin lasin ƙaramar mota a Turai ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma kowace lita ta ruwan tanki kilo guda ce.

Man birki yana shan laima, a canza shi duk shekara biyu. Mai birkin iska ya jira agogo ya kai psi 120 ko kusa da haka kafin ya motsa. Ƙararrawa tana kuka a wajajen 60, in iska ta ci gaba da sauka birkin zai kulle da kansa. Ja zaren tankunan iska ka ga ko ruwa zai fito. In ya fito da yawa, na'urar busar da iskar ta gaji, canza kwalbarta.

Janareton ɗaki ma yana son aiki: kamfanin Onan na ba da shawarar awa biyu a wata da rabin lodi. In ya mutu haka kawai a hanya, dubi agogon mai kafin ka kwance komai, domin bututunsa yakan tsaya ne a kusan rubu'in tanki don kada ya shanye na tafiya. Kada a kwana da shi a kunne sai akwai na'urar gano gubar hayaƙi mai aiki.

Idan za ka ajiye motar, yi juye tukuna, cika tanki taf, zuba maganin kashe ƙwayoyin mai in ajiyar za ta yi tsawo. Sa waji a tayoyi a wuri mai daidai ka saki hambirki don kada ya manne, sai dai mai birkin iska, wanda nasa ke kama kansa. Rufe tayoyi daga rana, ka haɗa batura da ƙaramar caja ko farantin sola, ko ka cire wayar negatif. A ƙasar da ruwa ke ƙanƙara, zubar da ruwan tankuna da na hitar wanka, ka bar kawunan famfo a buɗe.