Darasin Wannan Wata: A Ba Waya Lokacinta, A Ba Iyali Nasu

Duk wanda ya sauka a tashar motar Kawo da yamma, ya hau keke napep zuwa Unguwar Sarki ko Unguwar Rimi, zai ga abu ɗaya ko'ina: kai a sunkuye, ido a kan waya. Mai shayi yana kallo, fasinja yana kallo, ɗan makaranta ma yana leƙen ta wani. A cikin gida kuwa talabijin na ta magana tun safe, ko da babu mai saurare. Abin da ake gani a Kaduna yau ya riga ya shiga ƙauyuka, domin duk ɗan cin ranin da ya koma gida da waya yake komawa. Darasin wannan wata zai yi bayani a kan yadda magidanci da uwargida za su amfana da waɗannan na'urori ba tare da sun cinye musu lokaci ba.

Yadda Abin Ya Faro

A shekarar 1962 aka buɗe gidan talabijin na Kaduna, zamanin Sardauna. A wancan lokaci sai da yamma ake fara shirye-shirye, dare ya yi a rufe tasha, kowa ya nemi makwanci. Wato ita tashar ce ke yanka wa mutane lokacin kallo. Wayar hannu ta GSM ta zo Nijeriya a 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. Daga baya aka sami wayoyi masu intanet, masu ɗauke da WhatsApp da Facebook da TikTok. Waɗannan ba sa rufe tasha. An shirya su ne ta yadda hoto ɗaya na ƙarewa wani zai taso, saboda kamfanonin da talla suke samun kuɗi, kuma yawan kallo shi ne yawan talla. Saboda haka yanzu aikin yanka lokaci ya dawo hannun mai waya.

Amfanin waya ba ɓoyayye ba ne. Da ita manomi ke jin farashin masara kafin ya ɗauko kaya zuwa kasuwa, da ita ake aika kuɗi, da ita ake kiran mota idan mace na naƙuda. Mutanen jihar Kaduna sun ga haka a 2021, sa'ad da aka katse layin waya a wasu sassa daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba saboda matsalar tsaro. Wasu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su iya gaisawa da 'yan'uwa. Don haka ba a ce a jefar da waya ba. Abin nema shi ne a san iyakarta.

Lissafi Mai Sauƙi

Ga lissafin da ɗalibin ajin manya zai iya yi da kansa. Idan mutum yana kallon waya awa 3 kullum, a wata ya yi awa 90. A shekara ya yi awa 1,095, wato kwana 45 da ɗoriya, dare da rana. Wannan ya fi wata ɗaya da rabi. Haka kuma idan yana sayen data ta Naira 500 kullum, a wata ya kashe Naira 15,000. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi a aljihun talaka.

Illolin Yawan Kallo

Na farko, barci. Idan duhu ya yi, jiki yana fitar da wani sinadari mai suna melatonin wanda ke kawo barci. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitowarsa, labarai masu tayar da hankali kuma suna hana zuciya kwanciya. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana latsa waya, da wuya ya tashi sallar Asuba da kuzari, balle ya yi aikin gona ko na kasuwa yadda ya kamata.

Na biyu, ido. Mai ƙura wa waya ido ba ya yawan ƙiftawa, sai ido ya bushe, ya yi zafi, kai ya yi ciwo. Idan ciwon ya ƙi tafiya, a je asibiti. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa. Kada a ɗiga wa ido maganin da likita bai rubuta ba.

Na uku, yara. Yaro yana koyon magana ne daga bakin uwa da uba da yayye, idan ya yi gwaranci aka amsa masa. Waya ba ta amsa wa jariri. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13, da wasan motsa jiki na awa 3 a yini.

Na huɗu, hanya. Dokar hanya ta hana direba amfani da waya yana tuƙi, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna kama mai yin haka. Mai tsallaka titi irin na Ahmadu Bello ko Ali Akilu shi ma ya sa waya a aljihu har sai ya haye.

Abin Da Za A Yi

1. A fara da aunawa. A yawancin wayoyin Tecno da Itel da Infinix akwai wuri a cikin saiti mai suna Digital Wellbeing, inda ake ganin awannin da aka yi a rana. Wanda bai iya dubawa ba ya nemi malamin aji ya nuna masa.
2. A ware lokutan da ba a taɓa waya: lokacin cin abinci, lokacin salla, lokacin darasi, da sa'ad da baƙo ke magana.
3. A ajiye waya awa ɗaya kafin a kwanta, kuma kada ta kwana a kan shimfiɗa.
4. Bayan kowane minti 20 na kallo, a ɗaga kai a dubi abu mai nisan kamar taku 8, na daƙiƙa 20.
5. A kashe ƙarar saƙonnin da ba su da muhimmanci, a bar ta kira.
6. Kada a miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. A goya shi, a yi masa tatsuniya, ko a bar shi ya yi wasa da 'yan'uwansa.
7. Iyaye su fara da kansu. Uban da ke latsa waya a kan tabarmar cin tuwo ba zai iya hana ɗansa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a ce sai an bar komai rana ɗaya. A rage rabin awa a makon farko, a ƙara wani rabin a mako na biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Awa ɗayan da aka samu a ba karatu da rubutu. Cikin wata guda ta zama awa 30. Wanda ya iya karatu shi zai karanta saƙon banki da kansa, ya gane na 'yan damfara, ba sai ya ba wani lambarsa ta sirri ba.

Tambayoyi

1. A wace shekara wayar hannu ta GSM ta zo Nijeriya?
2. Awa nawa aka ce ɗan shekara 3 kada ya wuce yana kallo a rana?
3. Idan mutum yana kallo awa 2 kullum, awa nawa ke nan a kwana 30?
4. A kawo lokuta uku da ya kamata a ajiye waya.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta awannin da ya yi a kan waya ko talabijin na kwana 7, ya kawo wa malami a duba tare a aji.