Amsoshin Tambayoyinku: Daga ina kalmar "kvetch" ta fito?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya ji Amurkawa na kiran mai yawan mita "kvetch", yana so ya san ma'anarta da asalinta.

To, malam, kvetch shi ne mutumin da ƙorafi ya zame masa jiki. A kawo masa shayi ya ce ya yi sanyi, a ɗumama ya ce ya ƙona masa harshe.

Kalmar aro ce daga Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai. A can "kvetshn" na nufin matsa abu, kamar yadda ake matse lemon tsami, kuma 'yar'uwar kalmar Jamusanci ce "quetschen". Daga matsewa ma'anar ta koma nishin wanda ke cikin matsi, daga nishi ta koma mita.

Tsakanin 1881 da 1924, Yahudawa kimanin miliyan 2 suka yi ƙaura zuwa Amurka, da yawansu suka zauna a New York. Marubuta da masu barkwanci daga cikinsu suka yaɗa kalmar har ta shiga Turancin yau da kullum. Da fatan malam ya gamsu.