Amsoshin Tambayoyinku: Tauraro Mai Shuɗin Haske

Tambaya: Malam, a daren hunturu nakan ga wani tauraro mai shuɗi-shuɗi kusa da taurari ukun nan da ke jere. Wane ne shi, kuma me ya sa launinsa ya fita daban? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

Amsa: Madalla da wannan lura, ɗan'uwa. Sunansa Rigel, daga kalmar Larabci "rijl", wato ƙafa, domin Larabawan da sun ɗauke shi a matsayin ƙafar Jauza'u, sunan da suka ba wa wannan rukunin taurari. Shi ne na bakwai a haske cikin taurarin dare.

Batun launi kuwa, leƙa maƙera. Idan maƙeri ya sa ƙarfe a wuta yana zuga, da fari ja yake yi, sannan ya koma ruwan ɗorawa, in zafi ya kai sai ya yi fari. Haka taurari suke, shuɗi kuma gaba yake da fari. Zafin fuskar rana bai wuce digiri 5,500 da ɗoriya ba, na Rigel ya doshi 12,000. Faɗinsa ya ninka na rana sau saba'in da wani abu, haskensa ya ninka nata dubun dubata. Nisa ne ya mai da shi ɗigo: hasken da ya shiga idonka ya yi kimanin shekara 860 a hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba shi kaɗai ba ne. A 1781 masanin taurari William Herschel ya hango wani ɗan tauraro a gefensa da madubin hangen nesa. Daga baya aka gane wannan ɗan ma ba ɗaya ba ne, uku ne, biyu daga ciki suna zagaya juna cikin kwana goma ba kaɗan. Kowannensu ya fi rana girma da zafi. To, amma wa zai ga aci-balbal a gefen fitilar babbar mota?

Shekarun Rigel ba su kai miliyan goma ba, na rana kuwa biliyan 4.6, sai dai yana cin makamashinsa da gaggawa, kuma masana na sa ran da fashewa zai ƙare.

A watan Disamba ka fita bayan sallar magariba, ka fuskanci gabas. Zai bayyana a dama da taurari ukun, jan nan na hagu kuma Betelgeuse ne. Ka kwatanta launinsu da idonka.